Ranar da Amiral Ya Je Suna

Duk mai jin Hausa da ya zauna Greensboro ta Amurka a shekarun dubu biyu da 'yan kai ya san Maazou, ko yana so ko ba ya so. Ni Chaïbou kuwa Allah ya jarrabe ni da shi fiye da kowa, don ƙofata tana kallon tasa a wani rukunin gidaje da ke bayan Wendover Avenue, kuma bangon gidajen nan kwali ne, in maƙwabci ya yi atishawa kai ne za ka ce masa yarhamukallah. Mutum ne da bai taɓa jin an ambaci wani abu a duniya ya ce bai san shi ba. In ka ce jirgin sama, saura kaɗan ya tuƙa shi. In ka ce ciwon ƙoda, shi ya nuna wa wani likita a Yamai inda take.

Aikinsa na gaskiya tuƙi ne. Yana tuƙa wani tsoho ɗan asalin Ireland mai suna Malachy, wanda ke zaune shi kaɗai a Sedgefield tun rasuwar matarsa. Ya kai shi asibiti, ya kai shi coci, da yamma ya dawo da doguwar motar tsohon ya faka ta inda kowa zai gani. Amma a fada, wurin da muke haɗuwa shan shayi, ba ya cewa shi direba ne. "Conseiller," yake cewa. "Tsohon nan ko takalmi ba ya saye sai ya ji ta bakina."

Shi Malachy yana da wani kabad na gilashi cike da tsofaffin tangaran: butoci, kofuna, farantai, tukunyar shayi, da wani ƙaton kwano da za a iya yi wa jariri wanka a ciki. Duk launin madara ne, sun yi tsaga siri-siri kamar faso, sun haura shekara ɗari biyu a duniya. A jikinsu an buga hotunan sojojin sa-kai na ƙasarsu, mutanen gari da suka ɗauki bindiga a wancan zamani don tsaron gida, ga su nan a jere da ganguna da tutoci. Wasu kuma hotunan kwamandojin jiragen ruwa ne. A cikinsu akwai wata buta mai faɗin baki, ɗauke da hoton wani kwamanda mai kumatu, da hula mai kusurwa uku, da jirginsa a bayansa. Sunansa ya fi ƙarfin harshenmu, Amiral kawai muke ce masa. Sauran kayan saye Malachy ya yi, amma wannan butar kakarsa ce ta ƙetaro teku da ita ƙunshe a zane, ita kaɗai ce abin da ta fito da shi daga gida. Tun yana yaro kullum safiya sai ya gaida Amiral kafin ya karya kumallo, har ya tsufa bai daina ba.

A watan Maris na 2006 tsohon ya sayar da gidansa zai koma gidan kula da tsofaffi. Ya yanke shawarar ba wa wani gidan tarihi kayan kyauta, a miƙa su wata Asabar a taron ƙungiyar 'yan Ireland. Ban da Amiral. Shi za a nuna shi ga jama'a ne kawai, sannan tsohon ya tafi da abinsa ya ajiye kusa da gado. Da masu fenti suka cika gidan, sai ya sa aka naɗe komai cikin kwalaye ya damƙa wa Maazou, ana saura mako guda.

"Ka ajiye mini a gidanka har Asabar. Kada ka buɗe, kada ka girgiza."

"Mushe Malachy," in ji Maazou, don haka yake faɗin monsieur na Faransanci, hannu a ƙirji, "ni jikan magina tukwane ne daga Mirriya, can ƙasar Damagaram. Tun ina goye nake jin yaren yumɓu. A garinmu in an ba mutum amana ko kallonta ba ya yi."

Bai cire takalmi ba da ya shigo gida ya farke kwali na farko.

Dalili kuwa, matarsa Fourera ta haihu, suna ya kama ranar Lahadi. Kuma akwai Garzali, wani Bakano direban tasi, wanda Allah ya halitta don ya tsaya wa Maazou a maƙogwaro. Bara a sunan 'yar Garzali, matarsa Bebi ta baje wasu farantan Dubai masu bakin zinari, mata suka yi ta zancen wata da watanni. Abin ya ci Maazou ya cinye. Yanzu ga shi Allah ya kawo masa ranar ramuwa har gida, cikin kwali.

"Maigida, kayan nan fa na mutane ne," in ji Fourera daga kan gado.

"Kallo kawai za a yi. Kallo ba ya fasa kwano."

"Zanen aro dai ba ya rufe katara."

"Ke kina jego, ki sha kununki ki bar wa maza stratégie."

Ranar Lahadi ya sauke talabijin daga kanta, ya yi jere irin na amarya, Amiral a tsakiya. Bayan an raɗa wa yaro suna an shafa fatiha, gida ya cika maƙil, sai ya ɗauki muciya ya tsaya gaban kantar kamar malamin lakkwal a gaban 'yan aji.

"Jama'a, wannan gadon gidanmu ne. Héritage. Waɗannan da kuke gani sojojin kakana ne."

Garzali ya matso, ya karkace kai. "Ikon Allah. Ashe kakan naka Bature ne?"

"Sojojinsa na ce. Haya ya ɗauko su."

"To wannan mai hula kamar sambusa fa?"

"Amiral ke nan, kwamandan jiragen ruwan kakana. Aminai ne, kwano ɗaya suke ci."

"Jiragen ruwa," in ji Garzali. "A Damagaram."

"Da damina. Kai yaro ne, ba ka san daminar da ba."

Mata suka yi ta salati, wata ta ce ko a Dubai ba ta ga irin wannan ba. Maazou ya kumbura har babbar rigarsa ta yi masa kaɗan. Da a nan aka tsaya, da ya ci riba.

Sai dai a sunanmu ba a tashi hannu wofi. Duk wadda za ta tafi sai an zuba mata abinci ta kai wa waɗanda aiki ya hana zuwa, masu kwana a wayahaus, wato manyan rumbunan kaya, da masu jinyar tsofaffi. Can Bebi ta leƙo daga kicin ta ce robobin rabo sun ƙare.

"Ga kwanuka can a jere suna hamma," in ji Garzali. Ya kurɓi shayi a hankali. "Ko dai na aro ne?"

Ni da nake kusa na taka ƙafar Maazou, ya janye.

"Aro? Ni? Irin waɗannan a gidanmu kaji muke ba wa ruwa a ciki! Ku ɗiba, Hajiya. Kwano don ci aka yi shi."

A ransa faranti ɗaya ko biyu yake nufi. Ya fita raka baƙi, ya tsaya a fakin yana nuna musu yadda gilashin motarsa ke sauka da kansa. Da ya dawo ya tarar da kanta fayau, sai muciyarsa kaɗai a kai. Bahaushe ya ce baki shi ke yanka wuya.

"An gama kallon?" in ji Fourera daga ɗaki.

"Ina Amiral?"

"Ya bi Alhaji Moutari, limaminmu. Bebi ta cika masa kunu."

Na ce masa, kai Maazou, ka ɗauki waya yanzu ka gaya wa matan nan gaskiya, kafin rana ta faɗi kayan mutum sun dawo. Ya dube ni irin kallon da likita ke yi wa mai tallar maganin gargajiya, ya ce abin da ya sa har yau nake ɗaga kwali a wayahaus ke nan, ba ni da diplomatie.

Litinin da safe ya buga ƙofar Bebi. Bayan an gaisa, an tambayi mai jego da jariri da gajiyar suna, ya ce yana wucewa ne kawai, ko ƙaton kwanon nan yana kusa.

"Wai, ai ya tafi. Na zuba wa Anti Dalila ɗanwake a ciki. Ka san kwano yawo yake. Me kake ci na baka na zuba? Ba na kajinku ba ne?"

Nan ne ya kamata ya tsaya. Amma Maazou in ya faɗa rami, ba igiya yake nema ba, sai ya nemi shebur.

"Ba wani abu ba ne," ya ce, yana gyara hula. "Turawa ne za su karrama ni ranar Asabar. Ƙungiyar 'yan Ireland. Sun ji labarin kayan kakana, suna so su gani, su ba ni lambar yabo."

Bebi ta rangaɗa guɗa har karen maƙwabta ya amsa. "Shi ne ka yi shiru? Kai amma ba ka kyauta ba! To ai shi ke nan, can za mu kawo maka su da kanmu."

"A'a, Hajiya, ni zan kai. Wofi suke son su."

"Wofi? Mu mayar da kwano wofi, a gaban Turawa? So kake a ce matan Hausawa ba su da tarbiyya? Ko maƙiyinka ne ya aiko maka da abinci, ba ka mayar masa da kwano ba komai a ciki. Wane launi suke so a wurin?"

"Kore," in ji Maazou, murya can ƙasa.

Kafin azahar an fitar da anko.

Daga ranar duk ƙofar da ya buga amsa ɗaya ce, sai Asabar. A gidan Anti Dalila, wata dattijuwa mai kitso, ya tarar da tukunyar shayin a tsakar falo, an cire murfin an zuba garwashi, turaren wuta yana fita ta hancinta. Sojojin sa-kai sun yi baƙi ƙirin, kamar yaƙin ya ci su.

"Anti, wannan ta shayi ce!"

"Ta shayi? Kai namiji me ka sani? Dubi yadda hayaƙi ke fita a nutse. Wanda ya gina ta ya san turare."

"To kofunan nan biyu?"

"Lalle na kwaɓa. Kada ka taɓa, bai kama ba."

Ana cikin haka kullum sai ya ɗauki Malachy zuwa asibiti. Tsohon yana zaune a baya da sandarsa, ya ce, "Yaya Amiral?"

"Lafiya ƙalau, Mushe. Yana shan iska."

"A cikin kwali?"

"Kwalin yana kusa da taga."

Sai ranar Alhamis ya samu zuwa McLeansville, inda Alhaji Moutari ke da ɗan fili yana kiwon raguna don Layya. Alhaji dattijo ne mai tsoron Allah, shi ke mana limanci a suna da jana'iza, ba a ja masa magana. Maazou ya same shi tsugune kusa da garke yana alwala. Da Amiral.

"Maazou, Allah ya yi maka albarka. Tun da na zo ƙasar nan ban samu butar da ta zauna mini a hannu irin wannan ba."

"Alhaji, dama ita na zo..."

"Na sani, Hajiya uwargidana ta gaya mini zancen karramawa. Ɗauki abarka. Har na yi maka gyara."

"Gyara?"

"Ka san mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoton mai rai. Kai kuma ga jariri sabo a ɗaki. Sai na sa sanfefa na goge fuskar. Da ƙyar ta fita, kafirin ya kama sosai."

Ya juyo da butar. Hula tana nan, riga da maɓallanta suna nan, jirgi yana nan a baya da filafilansa. Tsakanin hula da wuyan riga kuwa fari fat kamar ɓararren ƙwai.

Maazou ya buɗe baki. Wani rago ya yi kuka a madadinsa.

"Ba ka ce komai ba," in ji Alhaji.

"Na gode, Alhaji. Allah ya saka da alheri."

"Amin. Tsaya Hajiya ta zuba maka fura a ciki, ba a mayar da ita haka."

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya kira ni, wai in riƙe masa butar. Na sake ce masa ya je ya durƙusa gaban tsohon nan ya faɗi abin da ya faru, Bature yakan yafe in ka zo masa da gaskiya da wuri. Ya zaro wani baƙin alƙalami irin wanda muke rubutu a jikin kwali da shi, wanda ko ruwa ba ya wankewa.

"A lakkwal ni ne na ɗaya a zane. Har yau hoton zakaran da na zana yana ofishin direkta."

"Ka tuna kamanninsa kuwa?"

"Bature ai Bature ne. Ido biyu, hanci ɗaya."

Ya zana ido na farko. Ya zana na biyu, ya fi na farko girma, kuma ya ɗan gangara wajen kunne. Ya ƙara wa na farko, sai ya zarce na biyu. Don ya daidaita su ya sa wa Amiral tabarau. Wajen zana baki jariri ya tsala ihu, hannu ya goce, sai ya rufe wurin da gashin baki. Gashin bakin ya karkace, ya tallafe shi da gemu. Gemun ya yi tsawo ta gefe ɗaya, ya ja ɗaya gefen, ya sake ja, har ya rufe maɓallan riga ya taɓa jirgi. Daga ƙarshe ya shafe komai da man farcen Fourera mara launi, wai don ya yi ƙyallin zamanin da.

Fourera ta fito da jariri a kafaɗa, ta tsaya ta duba. "Wannan ai mai gadin kasuwar Dole ta Damagaram ne."

"Ke ba ki san art ba."

"Garin gyaran gira dai an tsone ido. Ni ba ni zuwa, jego ya yi mini rana."

Asabar da hantsi ya ɗauko Malachy, tsohon ya sha kwat da koren laƙtaye. Ya tambayi kwalaye, Maazou ya ce suna tafe a ayari na musamman, saboda tsaro. Amiral kuwa yana maƙale cikin aljihun babbar riga.

A zauren wani coci ake taron. An yi ado da kore ko'ina, tsofaffin Turawa sun cika kujeru, wani yana goga kukuma irin tasu. A gaba an shimfiɗa dogon tebur da farin ƙyalle, babu komai a kai. Kusa da shi wani siririn mutum mai suna Bernard, wakilin gidan tarihi, yana tsaye sanye da farar safar hannu, yana duba agogo. Ni da Garzali muna baya, shi da kyamarar bidiyo a kafaɗa, yana murmushin matar ɗan sanda ta haifi ɓarawo.

Guɗa muka fara ji daga fakin. Mai kukuma ya tsaya. Ƙofa ta buɗe, matanmu suka shigo a jere cikin koren anko, ɗauri ya tashi sama, kowacce da tangaran a hannu. Bebi ce a gaba, ƙaton kwanon a kanta ba ko gammo, cike da miyar kuka tana tururi. Bayanta farantai da tuwo, da dambu, da kopto, butoci cike da kunun gyaɗa da zoɓo, kofi ɗaya da yaji, ɗaya da manja. Anti Dalila ce ta rufe baya da tukunyar shayi tana hayaƙi.

Bernard ya yi wani ƙara irin na ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ya ruga ya tari Bebi hannu biyu a sama.

"Sannu ɗan albarka, kama mini," in ji ta, ta sauke masa kwanon a hannu. Miya ta yi tangal-tangal ta malalo kan farar safa. Ya kasa ajiyewa, ya kasa riƙewa, ya tsaya yana rawa da shi yana kiran sunan Annabi Isa.

Na'urar hayaƙi ta shaƙi turaren Anti Dalila ta fara tsuwa. Wani tsoho ya hau kujera yana yi mata fifita da takarda. Anti ta ɗauka neman tubarraki yake, ta matsa ta turara masa ƙafar wando.

Da tsuwar ta lafa Bebi ta karɓi lasifika ba wanda ya ba ta. Ta ce a madadin matan Nijar da Nijeriya mazauna Greensboro, suna godiya ga Turawa da suka san darajar ɗan'uwansu Maazou, da kakansa, da sojojin da kakan ya ɗauko haya, da jiragen ruwansa na Damagaram. Garzali ya sauke kyamara ya ce ai bai kamata a bar masu gida cikin duhu ba. Ya fassara musu da Turanci kalma bayan kalma, har da zancen kaji. Ban taɓa ganin tafinta mai riƙon amana irin na ranar ba.

Bernard ya ce ai kayan Malachy ne, yau zai miƙa su ga gidan tarihi. Duk ido ya koma kan Maazou. Matanmu suka fara kallon juna. Anti Dalila ta ajiye tukunyar a hankali ta ce, "Au, wai na tsohon ne?"

Sai muka ji dariya. Malachy ne. Yana dogara sanda ya zo gaban tebur, yana dariya har da tari. Ya shafa gefen ƙaton kwanon, ya leƙa kowane faranti, ya ga ba wanda ya fashe. Ya ce wa Bernard ya kwantar da hankalinsa, sabulu zai yi maganin sauran. Ya ce kwanon nan ya fi shekara ɗari yana jin yunwa a cikin gilashi, yau Allah ya kawo masu ciyar da shi. Ya nemi cokali, Bebi ta ce ba a cin tuwo da cokali, ta nuna masa yadda ake yanka loma. Ya ci, ya yi gumi, ya ƙara. Turawa suka yi layi da farantan takarda, mai kukuma ya koma bakin aikinsa.

Ni na ce alhamdu lillahi, Allah ya rufa asiri. Maazou kuwa nan take ya farfaɗo. Ya gyara hula, ya bi layi yana gaisawa da mutane, yana cewa dama shi ya tsara komai, surprise ce, irin wannan haɗa al'adu sai wanda ya yi karatunsa. Har ya dafa kafaɗar Bernard yana ba shi shawarar yadda ake fitar da manja daga safa.

Malachy ya goge hannu, ya waiwayo fuska a sake. "To, Maazou, saura babban baƙo. Ina abokina?"

"Yana nan, Mushe. Sai dai tafiya ta ɗan sauya shi."

"Kawo shi."

Ya zaro butar daga aljihu ya ɗora a tsakiyar farin ƙyalle, ya ja da baya taki ɗaya, ya buɗe hannu. "Voilà."

Wata tsohuwa ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. Bernard ya nemi kujera. Garzali ya fara dariya, dariyar ta mutu a wuyansa, ya kashe kyamara da kansa.

Malachy ya ɗauki butar da hannu biyu. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta ta, ya juya bayanta ko fuskar ta koma can. Ya sa babban yatsa yana murza gemun a hankali, ko zai fita. Bai fita ba.

"Wane ne wannan?"

"Amiral ne, Mushe. Shekaru ne. Kowa in ya tsufa sai ya ajiye gemu, ido kuma ya raunana."

Ba wanda ya yi dariya. Tsohon bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mana sauƙi.

"Duk waɗanda suka san ni ina yaro sun mutu," ya ce. "Shi kaɗai ya rage. Gobe zan kwana a ɗakin da ban san kowa ba, na ce ba komai, da safe akwai wanda zan gaisar."

Kunya ta kama ni har tafin ƙafa, kamar ni na riƙe alƙalamin. Bebi ta ja gyale ta rufe baki. Alhaji Moutari, da ya zo cin karramawa cikin farar shadda, ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri.

Malachy ya rungume butar da hannun hagu, ya miƙa wa Maazou na dama. Maazou ya yi wuf ya cafke shi da hannu biyu yana girgizawa, yana murmushi, yana waigen Garzali ko zai kunna kyamara ya ɗauki sulhun. Ya girgiza, ya girgiza, ya saki. Hannun bai koma ba. Yana nan a miƙe, tafin yana kallon sama.

"Makullin mota," in ji Malachy.

Maazou ya laluba wannan aljihu, ya laluba wancan, kamar makullin zai ji tausayinsa ya ɓata. Ya fito da shi ya ajiye a tafin tsohon. Sannan ya juya ya bi ta tsakiyar zauren, ta gaban Turawa da tuwo a hannu, ta gaban matanmu da koren ankonsu, ya tura ƙofa ya fita. Na leƙa ta taga na hango shi a bakin titi cikin babbar riga, yana tsaye a wurin jiran bas, kusa da wata mata mai jakar wanki. Matar ta nuna allon lokutan bas ta tambaye shi wani abu. Ya dubi allon, ya dube ta, ya girgiza kai alamar bai sani ba.